Dashen Haƙori A Zangon Lome: Wurin Huda Ƙashi Ake Gyarawa Ko A Ɓata

Duk wanda ya saba zama a majalisun Zangon Lome ya san cewa a shekarun baya idan aka ce wane ya sa haƙori, to haƙorin Makka ake nufi, wato ɗan kwanson zinariya ko azurfa da alhazai kan sa a lulluɓe musu haƙori guda da shi, domin da zarar an yi murmushi kowa ya shaida an sauke farali. Wanda kuwa ya yi giɓi sai dai ya haƙura da giɓinsa, in yana da hali ya sa a yi masa na roba, wanda ake cirewa da daddare a jefa cikin kofi.

A 'yan shekarun nan zance ya sauya. 'Yan kasuwarmu masu zirga-zirga zuwa Dubai da Istanbul da Alƙahira da biranen Indiya suna dawowa da labarin wani irin haƙori da ake dasawa a cikin ƙashin muƙamuƙi, ba a cire shi, ba ya motsi, ana kuma cin tsire da goro da shi kamar na asali. Wasu sun yi sun dace, shekara da shekaru ba abin da ya same su. Wasu kuwa ko wata uku ba a rufa ba sai abin ya fara girgiɗi, dasashi ya kumbura, daga ƙarshe a zare shi a bar mutum da ramin da ya fi na da girma, ga kuma asarar kuɗin da za su iya sayen sa a kara.

Tambayoyin da aka fi yi a majalisa su ne: a wace ƙasa aka yi maka, nawa ka biya, ƙarfen wane kamfani ne? Mu kuwa da muka bi diddigin abin da masana suka gano a kan lamarin, sai muka tarar akwai wata tambaya da ba kasafai ake yin ta ba, alhali ta fi sauran nauyi: yaya aka huda ƙashin? Domin kuwa a cikin 'yan mintocin da likita ke riƙe da mahuji ne ake yanke hukuncin ko haƙorin zai zauna ko zai faɗi. Bahaushe ya ce tun ran gini tun ran zane.

Giɓi ba ƙaramar matsala ba ce

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3 da rabi ne ke fama da cututtukan baki da haƙori a duniya, a yankin Afirka kuwa abin ya shafi kimanin kashi 44 cikin 100 na jama'a. Ruɓewar haƙori da ciwon dasashi su ne kan gaba wajen raba mutum da haƙoransa. A nan Lome akwai ƙari a kan haka, wato haɗarin babura 'yan zemijan, waɗanda suka cika gari tun farkon shekarun 1990, inda faɗuwa ɗaya kan kwashe haƙoran gaba na matashin da bai taɓa ciwon haƙori ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da zarar haƙori ya fita, ƙashin da ke riƙe da shi sai ya fara zaizayewa, tunda ba shi da sauran aikin yi. Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak aka wallafa a 2003 ya gano cewa faɗin ƙashin wurin kan ragu da kusan rabi a cikin shekara guda, kuma kashi biyu cikin uku na wannan raguwa a watanni ukun farko yake aukuwa. Ke nan wanda ya yi shekara goma da giɓi kafin ya je neman dashe, filin da zai miƙa wa likita ya riga ya ƙuntata, kuskure kaɗan wajen huda shi zai iya cinye abin da ya rage.

Daga ƙafar zomo aka fara

Asalin wannan fasaha daga ƙasar Suwidin ne. A shekarar 1952, wani likita mai suna Per-Ingvar Branemark, wanda ba ma likitan haƙori ba ne, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ɓargo a jami'ar Lund. Ya dasa wani ɗan bututu na ƙarfen taitaniyom a ƙashin ƙafar zomo domin leƙa abin da ke faruwa a ciki. Da ya gama aikinsa ya zo cire bututun sai ya ƙi fita, ƙashi ya riga ya kama shi gam kamar tare aka halicce su. A 1965 ya dasa wa wani mutumin birnin Gothenburg mai suna Gosta Larsson turaku huɗu a muƙamuƙin ƙasa, kuma mutumin ya ci abinci da su har ya rasu a 2006, wato sama da shekara 40. Duniya ba ta rungumi abin sosai ba sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982.

Babban darasin da Branemark ya bari, kafin rasuwarsa a 2014, shi ne cewa ƙashi abu ne mai rai, yana da jijiyoyin jini da ƙwayoyin halitta masu gini da masu rushewa, don haka dole a taɓa shi da lallami. Ƙarfen komai tsadarsa ba shi ke kama ƙashi ba, ƙashin ne ke tsirowa ya kama shi, kuma mataccen ƙashi ba ya tsiro.

Yadda ake aikin kuwa shi ne, bayan an yi allurar kashe zafi a wurin, sai a buɗe dasashi a tarar da ƙashi. A fara yin alama da ɗan ƙaramin baki, sannan a shiga da siririn mahuji mai faɗin milimita 2 wanda zai shata hanya da zurfi. Daga nan a riƙa canja baki, kowanne ya ɗan fi na bayansa kauri, har ramin ya kai girman da ake so. Sannan a murɗa turken a hankali, wanda ya yi kama da noti, tsawonsa yawanci tsakanin milimita 8 zuwa 13, kaurinsa milimita 3 zuwa 5. Bayan wurin ya warke ne ake ɗora masa kan haƙorin da ake gani a waje.

Digiri goma kacal

Abokin gaba na farko shi ne zafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin kafinta yana huda icen ƙirya da dakusasshen mahuji ya ji ƙaurin ƙuna, ya kuma ga yadda bakin ramin ke yin baƙi. Haka ma yake faruwa da ƙashi, sai dai shi ba ya jira sai ya yi hayaƙi kafin ya mutu. A 1983, masana biyu a Suwidin, Eriksson da Albrektsson, sun gwada a jikin zomaye sun gano cewa idan zafin ƙashi ya kai digiri 47 a ma'aunin Salshiyos na tsawon minti ɗaya, to an kai iyakar da ƙwayoyinsa ke fara lalacewa. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. Ke nan ratar da likita ke da ita digiri 10 ce kacal. Shayin da mai shayi ke miƙo mana da safe ya fi haka zafi nesa ba kusa ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne ƙashi ba ya saurin watsa zafi, don haka zafin kan taru a bangon ramin, daidai wurin da ake son sabon ƙashi ya tsiro. Majinyaci ba zai ji komai ba tunda an kashe wurin. Hoton da za a ɗauka a ranar ba zai nuna komai ba. Turken ma zai shiga ya zauna daram, a yi sallama kowa yana murna. Sai bayan makonni, lokacin da jiki ya zo kwashe ƙashin da ya ƙone, sannan a ga maimakon sabon ƙashi wata tsoka mai kama da tabo ce ta kewaye ƙarfen. Daga nan sai girgiɗi, kuma turken da ya kai ga haka ba shi da magani sai cirewa.

Masana sun lissafa abubuwan da ke jawo wannan ƙuna: dakusasshen baki, da danna mahuji ba ɗagawa, da tsallake matakai a shiga da babban baki gaba ɗaya, da ƙarancin ruwan sanyaya, musamman a ƙasan rami mai zurfi inda ruwa ba ya kaiwa da sauƙi. Don haka ne ƙwararren likita ke sa injinsa yana feso tsarkakakken ruwan gishiri na asibiti, wanda galibi akan sanyaya shi, a kan bakin mahujin ba yankewa. Yana kuma shiga yana fita, yana shiga yana fita, domin ruwa ya samu hanya, garin ƙashi kuma ya fito. Gudun injin a wannan mataki yawanci tsakanin juyi 800 zuwa 1,500 ne a minti ɗaya, amma wajen murɗa turken kansa sai a sauke shi ƙasa da juyi 50.

Akwai kuma batun kaifi, wanda ya fi shafar mu a wannan yanki. Bakin mahuji yana dakushewa da yawan aiki da kuma yawan dafa shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera su kan ƙayyade yawan ramukan da za a huda da baki ɗaya kafin a jefar da shi. Duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su da tsada. A inda aka karya farashi fiye da kima, mai hankali sai ya tambayi kansa daga ina aka rage kuɗin. Araha dai ba ta ado.

Ƙasa ba ɗaya ba ce

Dattawan Zango ba su manta da shekarar 1977 ba, lokacin da aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar birnin Lome aka mai da jama'a kimanin kilomita 15 arewa da gari, wurin da ake kira Agoe-Zongo a yau. Waɗanda suka saba gini a kan rairayin da ke tsakanin teku da tafki sai ga su a wata ƙasa daban, kusa da kwarin kogin Zio mai ambaliya. Kowane magini ya san ba a tona harsashi iri ɗaya a rairayi da jar ƙasa da fadama, wanda kuwa ya yi haka damina za ta tona masa asiri.

To haka ƙashin muƙamuƙi yake. A 1985, Lekholm da Zarb sun kasa shi gida huɗu, daga mafi tauri zuwa mafi laushi. Daga baya wani likitan Amurka, Carl Misch, ya kwatanta yadda hannu ke jin kowanne da huda nau'o'in katako. Idan muka mai da kwatancen gida, sai mu ce na ɗaya kamar ƙirya yake, na biyu kamar maɗaci, na uku kamar rimi, na huɗu kuwa kamar totuwar kara. Gaban muƙamuƙin ƙasa, wato wajen haɓa, nan ne ya fi tauri. Bayan muƙamuƙin sama, wajen turamen ƙarshe, nan ne ya fi laushi. Baki ɗaya ne, amma ƙasa iri-iri ce.

Wani bincike da Jaffin da Berman suka wallafa a Amurka a 1991 ya nuna girman bambancin. A cikin turaku 1,054 da suka dasa, waɗanda suka shiga ƙashi na ɗaya zuwa na uku kashi 3 cikin 100 ne kawai suka faɗi, amma waɗanda suka shiga ƙashi na huɗu kashi 35 cikin 100 ne suka faɗi. Turakun wancan zamani masu santsin jiki ne, na yanzu kuwa ana yi musu kaushi domin ƙashi ya fi kama su, kuma sakamakon ya inganta ƙwarai. Duk da haka darasin yana nan: ƙashi mai laushi yana buƙatar hannu na daban.

Idan ƙashin mai laushi ne, likita kan tsaya kafin ya kai baki na ƙarshe, ya bar ramin ya ɗan fi turken ƙanƙanta, ta yadda wajen murɗawa turken zai matse ƙashin da ke gefensa ya samu abin kamawa. Idan kuwa ya huda shi daidai girman turken, sai abin ya riƙa juyawa kamar ƙusa a cikin totuwa. Amma idan aka yi wannan dabara a ƙashi mai tauri, sai ta koma guba. Tura turke da ƙarfin tsiya cikin matsattsen rami a ƙashi irin ƙirya kan jawo ƙananan tsagewa, ya kuma matse jijiyoyin jinin wurin, waɗanda dama ba su da yawa, ƙashin bakin ramin ya mutu ya zaizaye. Don haka a nan ana buɗe ramin sosai, wani lokaci har a fara yanka masa zaren noti kafin a sa turken. Hoto yana taimakawa wajen hasashe, amma a hannu likita ke tabbatar da irin ƙashin da ya tarar, tun daga mahuji na farko. A nan ne ake bambanta wanda ya ƙware da wanda ya haddace takardar kamfani.

Riƙo biyu da ramin da ke tsakaninsu

Masana sun ce turke yana da riƙo iri biyu. Na farko shi ne na ranar aiki, irin riƙon da noti ke yi wa katako, kuma kacokan ya dogara ne da yadda aka huda ramin. Na biyu shi ne na rai, wanda ke zuwa bayan sabon ƙashi ya tsiro ya manne da ƙarfen. A kwanakin farko jini ne ke cika 'yan giɓoɓin da ke tsakanin ƙarfe da ƙashi ya daskare. Sai sababbin jijiyoyin jini su shigo, a cikin mako ɗaya zuwa biyu a fara saƙa wani ɗanyen ƙashi mai rauni, wanda a hankali ake musanya shi da ƙaƙƙarfa a cikin mako 6 zuwa 12.

Sai dai a daidai lokacin da ake wannan gini, jiki yana rushe tsohon ƙashin da turken ya matse, wato wanda ya ba shi riƙon farko. Saboda haka akwai wani lokaci, tsakanin mako na biyu da na huɗu, da riƙon farko ya sassauta, na biyu kuma bai gama ƙarfi ba. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari a rayuwar dashe. Idan an huda ramin da kyau, ƙashin da jiki zai kwashe kaɗan ne, sai a tsallake lafiya. Idan kuwa an ƙona shi ko an murƙushe shi, ramin da ke tsakanin riƙon biyu sai ya yi zurfin da ba a iya tsallakewa.

Maɗoranmu na gargajiya sun daɗe da sanin wannan ka'ida. Idan aka ɗora karaya aka ɗaure da kara, sharaɗin farko shi ne kada a motsa, domin ƙashin da ke motsi ba ya haɗewa. Bincike ya nuna cewa turken da ke motsi fiye da abin da ya kai kaurin silin gashi ɗaya ko biyu a lokacin warkewa, tsoka ce za ta kewaye shi maimakon ƙashi. Motsin da ido ba ya gani ya isa ya rushe aikin.

Likita yana da hanyoyin auna riƙon farko. Ɗaya ita ce ƙarfin murɗin da turken ya ɗauka kafin ya zauna, wanda injin ko wani ɗan sifana mai ma'auni ke nunawa. Ɗayar kuma wata na'ura ce da aka samo daga aikin Neil Meredith a 1996, wadda ke girgiza turken da maganaɗisu ta ba da maki daga 1 zuwa 100. Sama da 70 riƙo ne mai kyau, ƙasa da 60 kuwa alama ce ta a yi hattara a ƙara lokaci. A tsarin Branemark na farko ana jira wata 3 a muƙamuƙin ƙasa, wata 6 a na sama, kafin a ɗora haƙori. Yanzu a ƙashi mai kyau an rage zuwa mako 6 zuwa 12. Haƙori a rana ɗaya da ake tallatawa ba ƙarya ba ne, ana yin sa, amma sai ga wanda awo ya nuna riƙonsa ya kai, kuma galibi haƙorin wucin gadi ake sa masa wanda ba a yarda ya tauna abu mai tauri da shi ba.

Sababbin dabaru

Saboda muhimmancin wannan mataki, masana ba su daina neman hanyoyin kyautata shi ba. A 1994, Robert Summers na Amurka ya fito da dabarar buɗa ƙashi mai laushi da wasu sanduna da ake bugawa a hankali, domin a tura ƙashin gefe maimakon a kwashe shi. A wajejen shekarar 2000, Tomaso Vercellotti na Italiya ya kawo na'urar da ke yanka ƙashi da karkarwa mai tsananin sauri, wadda ba ta cika yi wa jijiya da tsoka lahani ba, ko da yake tana da jinkiri. A 2007, Eduardo Anitua na Sifaniya ya bayyana hanyar huda da gudu kaɗan, kimanin juyi 50 a minti ba tare da ruwa ba, inda ake tara garin ƙashin mutum a cike masa wani giɓin da shi. Daga baya Salah Huwais, likita a jihar Michigan ta Amurka, ya ƙirƙiro wani baki da ke juyawa ta baya, yana daɓe ƙashi a bangon ramin kamar yadda mata ke daɓen ɗaki.

Nazarce-nazarce sun nuna cewa dabarun daɓe ƙashi suna ƙara riƙon farko a ƙashi mai laushi. Amma idan ana maganar haƙori ya yi shekara 20 ko 30 a baki, tsohuwar hanya ta huda mataki-mataki da ruwan sanyi ita ce ke da doguwar shaida. Don haka kada sunan na'ura ya ruɗi kowa. Kowace daga cikinsu tana da wurin da ta dace, kuma duk a hannun mai riƙe da ita alherinta ko sharrinta yake.

Inda mahuji bai kamata ya kai ba

Baya ga zafi da faɗin rami, akwai zurfi da karkata. A cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata babbar jijiya da ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa. Idan mahuji ya taɓa ta, mutum na iya zama da mataccen leɓe na watanni, wani ma har abada, ya riƙa zubar da ruwa in yana sha bai sani ba. Ka'ida ita ce a bar tazarar milimita 2 tsakanin ƙasan rami da jijiyar, a kuma tuna cewa tsinin mahuji kan ɗan zarce tsawon turken. A muƙamuƙin sama kuwa akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda in aka fasa shi ba shiri kan jawo ciwo mai naci. Haka nan ana barin aƙalla milimita 1 da rabi tsakanin turke da saiwar haƙorin maƙwabci, da milimita 3 tsakanin turke da turke. Hoto mai nuna ƙashi ta fuska uku shi ke fito da waɗannan wurare sarai. Wanda duk ya ce zai huda maka muƙamuƙi ba tare da ya ɗauki hoto ya auna ba, to ka nemi takalmanka.

Rabon majinyaci

Adalci ne mu faɗi cewa ba kullum ne laifin yake ga mai huda ba. Wani bincike da Bain da Moy suka wallafa a 1993 ya nuna cewa kimanin kashi 11 cikin 100 na turakun masu shan taba sun faɗi, alhali na waɗanda ba sa sha bai kai kashi 5 ba, domin taba tana takure jijiyoyin jinin da warkewa ta dogara da su. Ciwon sukari da ba a shawo kansa ba yana jinkirta haɗewar ƙashi, yana kuma buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Wanda ke shan magungunan ƙarfafa ƙashi, ko aka taɓa gasa masa muƙamuƙi saboda ciwon daji, wajibi ne ya faɗa wa likita tun kafin a fara. Mai ciwon dasashi sai an fara magance masa shi. Yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba kuwa jira zai yi. A makonnin warkewa kuma dole a yi haƙuri da goro da aya da rake da ƙashin miya a wannan ɓangare na baki, bayan nan kuma aswaki da buroshi su zama abokan kullum.

Matafiyi da tikitin komawa

A nan ne muke ganin 'yan uwanmu fatake suka fi shiga tarko. Mu ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya je sarin kaya da bizar mako biyu. A rana ta uku aka dasa masa turaku, a ta goma aka ɗora haƙora, ya hau jirgi ya sauka Lome yana washe baki. Lokacin nan mai haɗari da muka ambata, wato mako na biyu zuwa na huɗu, a Zango zai riske shi, a tsakiyar liyafar barka da sauka, likitan da ya yi aikin kuwa yana can bayan teku. Idan matsala ta taso sai ya nufi likitan gida, wanda bai san irin ƙashin da aka tarar ba, bai san ƙarfin riƙon da aka samu ba, wataƙila ma ba shi da sukudireban da zai kwance irin wannan turke, domin kamfanonin da ke ƙera su suna da yawa ƙwarai kuma kayan wani ba sa shiga na wani.

Ba muna cewa kada a yi aiki a waje ba, ko kuwa duk na gida ya fi. Abin da muke cewa shi ne dashe aiki ne na watanni, kuma wanda ya huda shi ya fi cancanta ya bi sawun warkewar. A nan Lome, asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio da ke Tokoin yana da sashen kula da cututtukan baki da tiyatar muƙamuƙi, akwai kuma likitocin haƙori masu zaman kansu da ke da rajista da ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasa. Masu zuwa Akara sun san makarantar likitancin haƙori ta Korle Bu, masu zuwa gida Nijeriya kuma akwai irin waɗannan sassa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ko a ina mutum ya ƙudura yin aikin, neman shawara a ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare kafin a taɓa ƙashi ba asara ba ce.

Wanda ya zauna a kujerar likita yana da haƙƙin yin tambaya. Na farko, ya tambaya ko likitan yana da rajista, da inda ya koyi dashe, da yawan shekarun da ya yi yana yi. Na biyu, a nuna masa hoton ƙashinsa a bayyana masa irinsa da nisan jijiya. Na uku, ya tambayi yadda za a sanyaya wurin, da yadda ake tsarkake kayan aiki, da lokacin da ake canja bakin mahuji. Na huɗu, ya ji ko za a auna riƙon turken, da kuma abin da za a yi idan bai kai ba. Na biyar, ya karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfanin turken da tsawonsa da kaurinsa da ranar da aka sa shi, ya adana ta kamar fasfo. Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Idan aka bi ka'ida, nazarce-nazarce masu yawa sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na turaku suna nan daram bayan shekara 10. Wanda kuwa ƙashinsa ko lafiyarsa ko aljihunsa bai kai ba, haƙorin roba ko wanda ake jingina wa haƙoran maƙwabta ba abin kunya ba ne, kuma ba ya hana a yi dashen nan gaba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗi in sun tafi ana iya mai da su a kasuwa ta gaba, amma ƙashin muƙamuƙi da aka ƙona ba a sayar da irinsa a Asigame, gyaransa sai wata tiyatar da wasu watannin na jira. Allah Ya ƙara mana lafiya.